Wa ke kai wa 'yan sama jannati guzuri, kuma asarar wa ce in kaya suka ƙone a hanya?

Tambaya: "Malam, na ji a labarai an ce wani kamfani ya harba kumbo ɗauke da kaya zuwa tashar sararin samaniya. Ni a zatona NASA ce ke da duk waɗannan abubuwa. Me ya kawo kamfani a ciki? Yaya ma ake kai kayan alhali tashar ba a tsaye take ba? In kuma roka ta fashe a hanya, wa ya yi asara?"

Zatonka daidai ne, ɗan'uwa, sai dai ya kwana biyu. Da can NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ce mai mota, ita ce mai kaya, direban ma nata ne. Yau kuwa, in ana maganar kai kaya tashar nan ta ƙasa da ƙasa da ake kira ISS, matsayinta bai wuce na ɗan kasuwan da ya sayi hatsi a Dawanau ya nemi mai tirela suka yi ciniki ba: tan kaza, zuwa wuri kaza, a kan kuɗi kaza. Motar ba tasa ba ce. In taya ta fashe ba shi zai saya ba. In mai motar ya samu lodin wani gobe ya ɗauka, ba ruwan ɗan kasuwa.

Na fara da wannan ne saboda mutane da yawa suna ɗauka sabon abin shi ne kamfani ya ƙera kumbo. Ba shi ba ne. Tun zamanin zuwa duniyar wata kamfanoni ne ke ƙera wa NASA kayan aikinta, jirgin nan mai fukafukai da ake kira Space Shuttle ma kamfanin Rockwell ne ya haɗa shi. Amma a wancan tsari gwamnati ce ke zana abin da take so, ta biya duk abin da aka kashe, ta ɗora wa kamfani riba a kai, in an gama abin ya zama nata. Kowa ya san halin irin wannan kwangila, in aiki ya daɗe ɗan kwangila ba ya baƙin ciki. Abin da ya canja shi ne an yanke farashi tun farko, roka da kumbo suka zama mallakar kamfani, NASA ta koma mai haya.

Dole ce ta kawo hakan. Tun 2 ga Nuwamba 2000 tashar ba ta taɓa rabuwa da mutane ba, yanzu galibi su bakwai ne a ciki, a tsayin kilomita 400 daga ƙasa. Babu gona, babu kasuwa, babu ko wajen wanki. Riga in ta yi datti sai dai a jefa ta cikin shara. Ruwa kam sun yi masa dabara, ana tace gumi da numfashi da fitsari a mayar da su ruwan sha, har a 2023 NASA ta ce ta kai ga dawo da kashi 98 cikin ɗari. To amma injin tacewar shi ma yana cin kayan gyara, kayan gyaran kuma daga ƙasa suke zuwa. Ga abinci, ga magani, ga kayan bincike, ga man da ake ɗaga tashar da shi in ta ɗan sauko.

Shuttle ne babbar motar dakon duk wannan. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 ɗaya daga cikinsu, Columbia, ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu. Aka tsayar da sauran fiye da shekara biyu, aka rage mazauna tashar zuwa mutum biyu, suna jiran ɗan abin da kumbon Rasha mai suna Progress zai kawo, shi kuma ba ya wuce tan biyu da rabi. A 2004 gwamnatin George Bush ƙarami ta ce da an gama gina tashar za a yi wa Shuttle ritaya, aka kuwa yi a watan Yuli 2011. Ke nan Amurka ta zuba dukiya ta gina gida a sama, tana shirin rasa motar kai masa cefane.

A 2006, lokacin Michael Griffin yana shugaban NASA, aka ware kimanin dala miliyan 500 aka ce wa kamfanoni: ku ƙera abin da zai kai kaya, ku sa kuɗinku mu sa namu, ba za mu biya ba sai kun cika kowane mataki da muka yi yarjejeniya a kai. Aka zaɓi biyu, SpaceX na Elon Musk da wani mai suna Rocketplane Kistler. Na biyun ya kasa tara nasa kason kuɗin, a 2007 aka sallame shi bayan ya karɓi dala miliyan 32 kacal, aka miƙa ragowar ga Orbital Sciences. Ni a ganina wannan sallama tana cikin abubuwan da suka fi nuna ƙarfin tsarin. Da tsohuwar kwangila ce, da an yi ta zuba kuɗi ana cewa an riga an yi nisa.

A watan Disamba 2008 aka sa hannu kan kwangilar jigilar kanta. SpaceX ya samu dala biliyan 1.6 don sahu 12, Orbital ya samu biliyan 1.9 don sahu 8, kowanne zai kai aƙalla tan 20. Ka tuna a lokacin SpaceX ƙaramin kamfani ne da ƙaramar rokarsa ta farko ta faɗi sau uku a jere kafin ta yi nasara a watan Satumba na shekarar, aljihu kuma ya kusa ƙarewa. Musk da bakinsa ya sha faɗa cewa wannan kwangila ta taimaka wajen ceto kamfanin. Ranar 25 ga Mayu 2012 kumbonsu Dragon ya zama na farko mallakar kamfani da ya isa tashar. Na Orbital, mai suna Cygnus, ya biyo baya a watan Satumba 2013. Orbital ya canja hannu daga baya, tun 2018 Northrop Grumman ne mai shi.

Yanzu ga yadda ake kai kayan, kuma nan ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa. Tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya duk minti 90. Ba za ka tashi ka nufe ta kai tsaye ba. Zagayen nata kamar zobe ne da aka sa wa duniya a karkace, duniya kuma tana juyawa a cikinsa. Sai filin harba rokar, ko a Florida ko a tsibirin Wallops na Virginia, ya zo daidai ƙarƙashin zoben nan sannan a tashi. Ga rokar Falcon 9 ta SpaceX, wadda ke ɗaukar Dragon, wannan dama ba ta wuce ƙiftawar ido, in hadari ya taso ko wata na'ura ta nuna matsala a wannan daƙiƙa, an fasa sai wata rana.

Cikin minti goma da 'yan kai kumbo ya shiga falaki, amma ƙasa da tashar kuma a bayanta. Da gangan ake yin haka, domin a can wanda ya fi kusa da duniya shi ya fi saurin kammala zagaye, kamar mai gudu a layin ciki na filin wasa. Sai ya yi ta cin tazara yana ɗan hawa, har su daidaita. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne in ka kunna inji don ka ƙara gudu ka cim ma wanda ke gabanka, sama za ka haura, zagayenka ya ƙara tsawo, ya ƙara ba ka rata. Lissafi ne da ke saɓa wa abin da direban mota ya sani. Dragon kan ɗauki kwana ɗaya ko ɗaya da rabi, Cygnus kimanin kwana biyu. Rashawa, da suka fara wannan sana'a da Progress tun 1978, sun kai ga yin tafiyar cikin awa uku da ɗan wani abu in lissafi ya ba su.

Da an kusa, sai tafiyar ta koma ta hawainiya. Kumbo yana tsayawa a wurare da aka ƙayyade, ba ya matsawa sai cibiyar NASA da ke birnin Houston mai kula da tashar ta ba da izini, an kuma tsara hanyarsa yadda ko injinsa ya mutu zai zame ya wuce ba tare da ya bugi tashar ba. Cygnus yakan zo ya tsaya cak kimanin mita goma daga jikinta, sai ɗan sama jannati ya miƙa dogon hannun ƙarfen nan da Kanada ta ƙera, mai tsawon mita 17 da ɗoriya, ya cafke shi, sannan a jawo shi a ɗaure a ƙofa. Tsohon Dragon ma haka aka riƙa yi masa. Sabon, wanda ya fara jigilar kaya a Disamba 2020, da kansa yake zuwa ya manne ba mai taɓa shi. Wannan ya sauƙaƙa wa mazauna aiki, amma ƙofar da yake mannewa ta fi ƙunci, faɗinta kimanin santimita 80, saboda haka wasu manyan kaya ba sa shiga ta nan sai a bi da su ta Cygnus ko kumbon Japan.

Su biyun ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma an so hakan. Dragon yana da garkuwar zafi da lema, yana dawowa ya faɗa teku da kaya a cikinsa: jinin 'yan sama jannati da aka ɗiba aka daskare, sakamakon gwaje-gwaje, na'urorin da suka lalace ana son a gano dalili. Tun da Shuttle ya tafi babu wani kumbon da ke dawo da kaya masu yawa sai shi. Yana da kuma buɗaɗɗen akwati a bayansa inda ake ɗora abin da za a kafa a wajen tashar, kamar sabbin faifan sola masu naɗewa kamar tabarma da aka fara kaiwa a 2021. Shi kumbon kuwa ana wanke shi a sake amfani da shi.

Cygnus kuwa tafiyar da ba dawowa yake yi. Babban gwangwani ne da ake ƙera jikinsa a birnin Turin na Italiya, ya fi Dragon ɗaukar kaya masu cin wuri, sabon samfurinsa da ya tashi a Satumba 2025 ya ɗauki kusan tan biyar. Yakan zauna watanni a jikin tashar ana kwashe kaya ana cusa masa shara, tsofaffin kaya, ledojin abinci, har bayan gida. In ya cika a sake shi, ya shigo iskar duniya ta saman kudancin tekun Fasifik ya ƙone ƙurmus. Da yake ƙonewa ce makomarsa, NASA ta yi amfani da shi tun 2016 wajen kunna wuta da gangan a cikinsa bayan ya rabu da tashar, don a ga yadda gobara ke ci inda babu nauyi. Kada ka raina aikin kwasar shara. Gidan da mutum bakwai ke zaune kuma ba a iya buɗe taga a watsar da komai, wurin ajiya a cikinsa dukiya ne.

A cikin irin wannan lodi ne kayanmu ma suka taɓa hawa. Dragon ɗin da ya tashi ranar 3 ga Yuni 2017, wanda shi ne na farko da aka sake amfani da shi karo na biyu, ya ɗauki wasu ƙananan taurarin ɗan'adam biyar, kowanne bai fi girman tafin hannu biyu a haɗe ba, da aka ƙera ƙarƙashin wani shiri na wata jami'ar fasaha a Kyushu ta Japan. Ɗaya shi ne NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniyar Najeriya, NASRDA, ɗaya kuma GhanaSat-1, tauraron Ghana na farko, na jami'ar All Nations da ke Koforidua. A watan Yuli aka sake su daga sashen Japan na tashar. Babu jami'ar da za ta iya hayar roka guda don kilo ɗaya na kaya. Motar da ke tafiya a kai a kai ce ke da ɗan wurin saƙa ƙunshin maƙwabci.

To, asara. Wannan ba tambayar "da a ce" ba ce, an gani. Ranar 28 ga Oktoba 2014 rokar Antares ta kamfanin Orbital ɗauke da Cygnus ta tashi daga Wallops, 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ta fashe ta faɗo kan filin. Injinanta tsofaffi ne da Tarayyar Sobiyet ta ƙera tun wajen shekarun 1970 don rokar zuwa wata da ba ta yi nasara ba, aka adana su shekara arba'in, aka sayo aka yi musu kwaskwarima. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da injin roka. A Afrilu 2015 Progress na Rasha ya isa falaki yana juyi ba mai iya sarrafa shi, ya dawo ya ƙone. Ranar 28 ga Yuni 2015 Falcon 9 ta tarwatse minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi bayan tashi, saboda wani ɗan ƙarfe da ke riƙe tukunyar iskar gas a cikin tankinta ya karye. Sahu uku cikin wata takwas. Akwai ɗaliban makaranta a Amurka da gwajinsu ya ƙone a na farko, suka sake haɗa shi, ya sake ƙonewa a na uku.

Amsar tambayarka ita ce an raba asarar, kuma ba rabon da mai hatsi zai yi murna da shi ba ne. Kamfani ya rasa rokarsa da kumbonsa, ya rasa kason ƙarshe na kuɗin sahun, bincike da gyara kuma a kansa suke. Amma mafi yawan kuɗin an riga an biya shi mataki-mataki tun kafin a tashi, kuma kwangilar ba ta wajabta wa kamfani biyan diyyar kayan NASA ba. Ofishin babban mai binciken NASA ya ƙiyasta kayan da suka ƙone a Antares a kan dala miliyan 51, na Falcon 9 kuma miliyan 118, ciki har da rigar fita sararin samaniya da wani zoben mannewa da ake jira don kumbunan ɗaukar mutane. Dalilin sassaucin a fili yake, da an ce sai kamfani ya biya komai, da babu wanda zai shiga sana'ar, ko kuma ya ɗora kuɗin inshora a kan farashi. Abin da NASA ta yi shi ne ciniki bayan hatsari, ta samu rangwame da ƙarin kaya a sahu na gaba.

Abin lura shi ne ba wanda ya kwana da yunwa a tashar. Ana ajiye guzurin watanni a can saboda irin wannan rana. Progress na gaba ya isa a watan Yuli, kumbon Japan mai suna Kounotori ya isa a Agusta. Orbital kuma, da yake farashi yankakke ne kuma alƙawari na kansa, ya je ya yi hayar rokar Atlas V ta wani kamfanin ya ɗora Cygnus a kai, ya ci gaba da kai kaya daga Disamba 2015 kafin ya gyara tasa. Mai tirela ne motarsa ta ƙone, ya yi hayar ta abokin gasarsa don kada ya saɓa wa mai kaya.

Game da araha, a nan nake rabuwa da masu zuzutawa. Wajen ƙera roka an yi sauƙi ƙwarai. NASA da kanta ta yi lissafi a 2011 ta ce da ita ta ƙera Falcon 9 ta tsohuwar hanya da ta kashe tsakanin dala biliyan 1.7 da biliyan 4, alhali kamfanin ya yi ta da kimanin miliyan 300. Amma kuɗin kai kilo ɗaya har cikin tashar bai zama na banza ba. Rahoton babban mai binciken na 2018 ya sa shi wajen dala dubu 63 a kwangilar farko, ya kuma yi hasashen zai haura dubu 70 a ta biyu da aka bayar a Janairu 2016. Hawa ya yi, ba sauka ba. Ribar da Amurka ta ci ta fi fitowa ta wani gefen: rokar da aka ƙera don kai cefane ita ce ta kwashe kasuwar harba taurarin ɗan'adam ta duniya, a sahun kai kaya na Afrilu 2016 ne kuma aka fara saukar da gindinta lafiya a kan jirgin ruwa, Dragon ɗin kaya ne kuma ya haifi Dragon ɗin da ke kai mutane tun 2020.

Akwai abin da ke damuna a halin yanzu. Hikimar tsarin duka ita ce masu dako biyu da ba su haɗa komai ba, in ɗaya ya faɗi ɗaya na tsaye. Bayan hatsarin 2014 an sa wa Antares sabbin injinan Rasha, gindinta kuma a birnin Dnipro na Yukren ake ƙera shi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 2022, hanyoyin biyu suka toshe lokaci guda. Wannan samfurin na Antares ya yi tashinsa na ƙarshe a Agusta 2023, kuma tun Janairu 2024 a kan Falcon 9 ake harba Cygnus, ana jiran sabuwar Antares da ake haɗawa da kamfanin Firefly. Kumbo biyu ne a takarda, amma roka ɗaya suke hawa, in aka tsayar da ita duka sun tsaya. Na ukun da aka ba kwangila a 2016, ɗan ƙaramin jirgi mai fukafukai da ake kira Dream Chaser, har ƙarshen 2025 bai tashi ko sau ɗaya ba. Turai ta daina nata kumbon bayan sahu biyar. Japan ce ta ɗan rage fargaba da ta harba sabon nata, HTV-X, a Oktoba 2025.

Ita tashar ma kwananta ya kusa. Shirin da ake kai shi ne a yi aiki da ita zuwa 2030, sannan a tunkuɗo ta a hankali ta faɗa wani yanki na teku da ba kowa. A Yuni 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 don ƙera kumbon da zai yi wannan turi, wani Dragon ne da aka ƙara wa tankuna da injina. Sai dai a wannan karon ba haya ba ce. Abu mai nauyin tan 400 da ɗoriya za a sauko da shi ta saman duniyar da mutane ke zaune, don haka NASA ta ce da an gama ƙera kumbon zai zama nata, ita za ta tuƙa shi.